Hawan Dutsen da Ba Shi da Turba: Yadda Wani Malami Ya Kai Ɗalibansa Ƙololuwa a Kudancin Jigawa

Asalin matsalar

Malamin da wannan nazari ya bi diddigin aikinsa yana koyar da darasin labarin ƙasa ne a wata babbar sakandare ta je-ka-ka-dawo, a wani ƙauye da ke yankin duwatsun kudancin Jihar Jigawa, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. A farkon zangon karatu na ɗaya, cikin watan Satumba, ya lura cewa ɗalibansa 'yan aji biyu ba su iya karanta taswira ba, alhali kuwa tambayar taswira ta dole ce a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC a wannan darasi. Taswirar da ake koyar da su mai ma'aunin 1:50,000 ce, wadda kowane santimita 2 a kanta ke tsaye a madadin kilomita 1 a ƙasa, kuma a tsofaffin taswirorin nan tazarar ƙafa 50 ce tsakanin kowane layin tsayi, wato layin da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya, da mai bi masa. Yaran sun haddace cewa idan layukan suka matsu to gangaren ya yi tsanani, idan kuma suka warwatsu to ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, amma da zarar an baje musu takardar aka ce su nuna inda ruwa zai bi ya gangara, sai ajin ya yi tsit.

Dalilin da malamin ya gano shi ne, taswira siffar ƙasa ce yadda ake ganinta daga sama, su kuwa yaran babu wanda ya taɓa ganin ƙasa daga sama. Babu bene ko ɗaya a ƙauyen. Mutumin da ke tsaye a fili, ko da babu itace a gabansa, idonsa ba ya wuce kilomita 5 saboda lanƙwasar doron ƙasa, da damina kuwa idan dawa ta tashi ko bayan gonar maƙwabcinsa ba ya hangowa. Ya fara gwada tara ƙasa a filin makaranta, yana zagaye tsibin da layukan toka, ya sa yara su hau benci su leƙa. Wannan ya taimaki kaɗan daga cikinsu, amma galibi sun ɗauke shi a wasan ƙasa, ba su haɗa shi da gonakinsu da rafinsu ba. Daga nan ne ya ƙuduri niyyar kai su kan dutsen da ke bayan gari.

Yadda dutsen yake

Dutsen yana da nisan kimanin kilomita 2 gabas da makarantar, tsayinsa kuma daga gonakin da ke gindinsa bai wuce mita 80 ba. Irin duwatsun nan ne da suka warwatsu daga Dutse zuwa Birnin Kudu da Gwaram, har zuwa Rano a Jihar Kano: tsohon dutse mai tauri wanda ruwa da iska suka kwashe ƙasar da ke kewaye da shi, suka bar shi tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonaki. Irin wannan dutse yakan riƙa ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, shi ya sa fuskarsa takan zama falale mai sulɓi, gindinsa kuma ya cika da manyan ɓaraguzan da suka gangaro, inda sarƙaƙiya da geza ke samun wurin kama ƙasa. A tsagogin sama akwai gamji da kukkuki da hano, itatuwan da suka saba rayuwa a kan dutse.

Ba kamar Dutsen Dala na birnin Kano ba, wanda aka yi wa matakala har sama, wannan ba shi da turba ko alama. Mutanen gari ba su da wata buƙata a kansa: gonakinsu na ƙasa, itacen girki akwai a gindi, kuma manya suna hana yara zuwa saboda macizai da kuma wani kogo da ake cewa na iskoki ne. Abin da ya ja hankalin malamin shi ne wani lissafi. Daga tsayin mita 80, idan sararin sama ya washe, ido yana iya kaiwa kimanin kilomita 32 a kowace nahiya, wato fiye da faɗin taswirar da ke hannun yaran gaba ɗaya.

Farkon Oktoba: yunƙurin farko

Malamin ya fara zuwa ne shi da wani abokin aikinsa, ran wata Asabar da la'asar, domin su ga hanya kafin a kawo yara. Sun nufi fuskar yamma, wadda ke kallon gari, don ita ce mafi kusa kuma ita suke gani kullum daga tagar aji. Kafin su kai gindin dutsen sai da suka keta gonar dawa da wake, saboda an yanke gero amma sauran amfani yana nan. Daga bakin gonar zuwa ɓaraguzan gindi kuwa gamba da kyasuwa sun kere tsawon mutum, ba ka ganin inda za ka sa ƙafa, ƙarangiya kuma ta lulluɓe musu wanduna har gwiwa. Abokin nasa yana gaba yana sara da adda, suka ɗauki fiye da rabin sa'a a tsakanin da bai kai mita 200 ba.

Da suka fita daga ciyawa suka iske falalen. Daga nesa ya yi kama da wanda za a taka a tsaye, amma ruwan damina da ke tsattsafowa daga tsagogin sama ya bar baƙaƙen layuka na gansakuka a kansa, kuma duk inda ƙafa ta taɓa layin sai ta zame. Sun hau kimanin kashi ɗaya cikin uku da rarrafe, sannan suka ga cewa abin da ya rage ya fi wanda suka wuce tsanani, ga rana ta yi ƙasa. Suka juyo da jan gindi.

Washegari mai gonar ya kai ƙara wajen mai unguwa, cewa an tattake masa wake. Malamin ya je ya ba da haƙuri, aka kashe maganar a nan, amma labari ya riga ya zagaya gari cewa malaman boko suna neman wani abu a dutse.

Janairu: an hau, ba a ga komai ba

Darasin da malamin ya ɗauka daga Oktoba shi ne ciyawa da santsi da amfanin gona ne cikas, don haka ya jira rani. A tsakiyar Janairu an kwashe dawa, shanu sun cinye kara, wuta ta ci ciyawar gindin dutse, falalen kuma ya bushe ƙayau. Ya nemi izinin shugaban makaranta da baki, ya zaɓi yara maza 14, suka tashi da ƙarfe 8 na safe. Bai sake zuwa duba hanya ba, kuma bai sanar da iyaye ko dagaci ba, don a ganinsa fita ce ta sa'o'i biyu a bayan gari.

Hawan bai ba su wahala sosai ba. Sun bi fuskar yamman nan dai, yaran da yawa suka cire silifas suka riƙe a hannu saboda tafin ƙafa ya fi kama dutse, cikin minti 40 kowa yana sama. Sai dai ranar hazo ya sauka. Ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, takan rufe sararin arewacin Najeriya tsakanin Nuwamba da Maris, har wani lokaci gani ya gaza kilomita 1, jirage su kasa sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Daga ƙasa malamin ya ga hazon bai yi kauri ba, domin yana iya hango dutsen daga makaranta. Abin da bai lissafa ba shi ne, hango abu mai nisan kilomita 2 daban, hango mai nisan kilomita 20 daban. Daga sama rufin kwanon makarantar kawai suke gani dishi-dishi, bayansa kuma fari fat. Iskar da ke kaɗawa a ƙoli ta hana a baje taswirar, yaran suka takure a bayan wani dutse suna rawar ɗari, leɓunansu sun bushe. Ba su yi minti 20 ba ya ce a sauka.

A wajen saukowa ne abin ya lalace. Falale mai doro, idan kana ƙasa kana ganinsa duka, amma idan kana sama gefensa yakan lanƙwashe ya ɓoye maka abin da ke gaba, har ka rasa ta inda ka hau. Yaran suka rabu gida biyu, kowane rukuni na cewa tasa ce hanyar. Waɗanda suka karkata kudu suka iske kansu a bakin wani tsalle mai kusan mita 2, ɗaya daga cikinsu ya dira a kan tsakuwa, ƙafarsa ta gurɗe. Goyo aka yi aka sauko da shi, aka ɗora shi a mashin zuwa gida. Targaɗe ne, ba karaya ba, kuma ya warke cikin mako uku, amma mahaifinsa ya zo makaranta ransa a ɓace, yana tambayar wanda ya ba da izinin a kai masa ɗa dutsen da shi kansa bai taɓa hawa ba. Shugaban makaranta ya hana duk wata fita har sai an zauna da ƙungiyar iyaye da malamai.

Fabrairu zuwa Afrilu: komawa wajen masu wuri

Malamin ya fara da gidan yaron, ya je dubiya sau da dama. Daga nan ya nemi mai unguwa ya raka shi wajen dagaci, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya baje taswirar a kan tabarma ya yi bayanin abin da yake nema. Dagacin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce: "Malam, da ka fara zuwa nan da ba a kai ga haka ba. Dutsen nan akwai masu hawansa, ba ta inda kuka bi ba ne kawai." Malamin ya ce: "Ranka ya daɗe, su wane ne?" Sai dagacin ya aika aka kira Sarkin Baka, wani dattijon maharbi, wanda shi kuma ya ce a nemo yaron da ke kiwon awakin unguwar gabas.

Hanyar da waɗannan biyu suka nuna masa tana bayan dutsen ne, ta fuskar gabas, inda ba a gani daga gari. Ana bin burtalin shanu a zagaya, wanda ya ƙara wa tafiyar kusan kilomita 1, amma ba a taka gonar kowa. Daga burtalin akwai wata doguwar tsaga da ta hau a karkace, cike da ƙasa da saiwoyin gamji, wadda awaki ke bi kullum. Ba turba ba ce da baƙo zai gane. Yaron makiyayin ne ya durƙusa ya nuna masa alamominta: kashin awaki da ya taru a lungunan dutse, gashin da ya maƙale a ƙaya daidai tsayin gwiwa, da wuraren da kofato ya goge dutsen har ya yi sheƙi. Tsagar tana kaiwa ga wata kafaɗa mai faɗi, daga nan kuma hawan da ya rage mai sauƙi ne, a tsaye ake takawa.

Sarkin Baka ya gindaya sharuɗɗa uku. Kada kowa ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, domin nan ne makwancin kububuwa da kasa da kunama. Kada a yi hayaniya ko a shafa turare mai ƙarfi, domin akwai ƙudan zuma a wata tsaga kusa da kafaɗar, kuma idan suka taso wa mutum a kan dutse babu wurin gudu. Na uku, kada a shiga kogon da ke gefen arewa. Malamin ya ce: "Baba, an karɓa duka," bai tsaya jayayya kan maganar iskoki ba, tunda kogon ba ya kan hanya kuma a bakinsa ma akwai saɓar maciji. A ƙolin ne dattijon ya nuna masa wasu ramuka masu sulɓi a jikin falale, irin na niƙa, da tsingaron tukwane a cikin ƙasar tsagogi, ya ce kakanninsa sun faɗa masa nan mutane ke gudowa idan Ningawa suka kawo hari. Wannan ya dace da tarihin yankin, domin a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 mayaƙan Ningi sun sha kai farmaki garuruwan kudu maso gabashin ƙasar Kano, kuma zanen shanu da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu shaida ce cewa mutane sun daɗe suna hulɗa da waɗannan duwatsu.

Abubuwa biyu sun ci tura a wannan tsakani. Malamin ya gwada sa alamar hanya da tsummokara da ya ɗaura a rassan geza, amma kafin mako ya zagayo awaki sun tauna wasu, iska ta kwashe saura. Sai ya koma jera ƙananan duwatsu uku-uku a kan juna a kowace kwana, a inda mai saukowa zai hango su daga sama, ya kuma roƙi makiyayan da su bar su. Na biyu, ya gwada hawa a Afrilu da hantsi don ya ga ko za a iya kai yara kafin hutu. A watan nan zafi yakan haura maki 40 a ma'aunin salshiyos, kuma kafin ƙarfe 10 dutsen ya ɗauki zafin da ba a iya dafa shi da tafin hannu. Ruwan gorarsa ya ƙare kafin ya kai kafaɗa, sararin kuma bai washe ba, domin ragowar ƙura da hayaƙin ƙonar sharar gona sun tsaya a sama. Ya juyo, ya soke Afrilu.

Mayu: zaɓen lokaci da shiri

Sarkin Baka ne ya ba da amsar lokaci. Ya ce shi bai taɓa hango nesa daga dutsen nan ba kamar safiyar da ruwa ya kwana yana zuba a farkon damina, domin ruwan yakan wanke ƙurar sama, ciyawa kuwa ba ta riga ta tashi ba. Sai dai safiyar ruwan fari safiyar shuka ce, kuma babu uban da zai saki ɗansa ranar. Da aka zauna da iyaye, wani manomi ya kawo mafita: a bari a gama shuka, a yi amfani da 'yan kwanakin da ke tsakaninta da noman firi, lokacin da aikin gona ke ɗan lafawa. Aka amince ba za a sa rana ba, sai dai a sa sharaɗi, wato safiyar farko da ta biyo bayan ruwan dare a cikin wannan tsakani, muddin gabas ba ta haɗa hadari ba.

An rubuta wa kowane uba takarda, aka karɓi amincewarsa. An raba ajin rukuni-rukuni, kada kowanne ya wuce yara 12, da manya uku: Sarkin Baka a gaba, malami a tsakiya, wani malamin a baya. Kowane yaro zai zo da takalmi rufaffe, da sanda, da ruwa lita ɗaya da rabi. Ma'aikacin lafiya na ƙauyen ya zo ya yi musu bayanin saran maciji, cewa ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsaga shi, ba a tsotsa, sai dai a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti, kuma ya ja kunnensu cewa dafin kububuwa yana hana jini daskarewa ko da ciwon bai yi kama da mai tsanani ba. An tanadi mai mashin da zai jira a burtali. Game da tsawa, malamin ya koya musu ƙirga tsakanin walƙiya da ƙara, daƙiƙa 3 kimanin kilomita 1 ke nan, aka kuma yanke cewa ko ƙarar tsawa aka ji daga nesa za a sauko nan take.

Yuni: ranar hawa

A mako na uku na Yuni aka yi ruwa mai ƙarfi da dare, ya ɗauke kafin asuba. Rukunin farko ya tashi da ƙarfe 6 da rabi, bayan liman ya yi musu addu'a a ƙofar makaranta, kuma yaron da ya gurɗe a Janairu yana cikinsu, da yardar mahaifinsa. Sun isa bakin tsagar da ƙarfe 7 da kwata, Sarkin Baka ya tsayar da su kusan rabin sa'a har rana ta bugi fuskar gabas dutsen ya sha iska. Wannan ma wata fa'ida ce ta hanyar bayan, domin fuskar yamma takan kai hantsi tana jiƙe. Hawan ya ɗauki minti 50, a jere, ba mai wuce na gabansa, kuma a kowace kwana malamin yakan tsayar da su ya sa su waiwaya su dubi hanyar yadda za ta kasance a idon mai saukowa.

Daga ƙoli ƙasar ta buɗe ta kowace nahiya. Gonaki sun fito fili-fili da layukan sabon tsiro, iyakokinsu a bayyane. Rafin da yaran suka sani a matsayin mashaya ɗaya da maƙetara ɗaya ya bayyana dukkansa, yana lanƙwasa yana komowa, ruwan daren jiya ja wur a cikinsa, fadama kuma ta bi gefensa da kore mai duhu. Ƙauyuka sun fito a matsayin dunƙulen darbejiya da kuka, hanyar mota ta miƙe tsakaninsu, wasu duwatsun kuma suna tsaye can nesa, shuɗi-shuɗi. Malamin ya bar su minti goma bai ce komai ba, kowa na neman rufin gidansu da gonar babansa.

Sannan aka baje taswirar a kan falale, aka danne kusurwoyinta da duwatsu, aka daidaita arewarta da kamfas ɗin waya. Ya sa kowane yaro ya ɗora yatsa a kan shuɗin layin rafi, ya ɗaga kai ya nemo wannan lanƙwasar a ƙasa. Bayan haka ya kai su gefen yamma, nesa da baki, ya nuna musu falalen da suka hau a Janairu, ya ce su nemo shi a takarda. Yaron da ya ji ciwon ne ya fara gano wurin da layukan suka cure har suna neman haɗewa, ya ce: "Malam, ashe taswirar ta faɗa mana kada mu bi nan." Daga nan suka juya gabas suka ga yadda layukan suka saki jiki daidai tsagar da suka biyo. Ruwan da ya kwana a ramukan niƙan nan yana ta gangarowa siriri-siriri, sai malamin ya sa suka bi shi da ido har inda ya faɗa kwari ya nufi rafi, wato amsar tambayar da ta gagare su a aji.

Sun fara saukowa da ƙarfe 9 da rabi, kafin dutse ya yi zafi, suna bin jerin duwatsun alama, kuma babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Rukuni na biyu ya hau bayan kwana huɗu. Na uku, wanda na 'yan mata ne tare da wata malama, an fasa shi a karon farko saboda hadari ya taso daga gabas suna bakin tsaga, sai a ƙarshen wata suka samu hawa, su bakwai kacal, domin sauran iyayen ba su amince ba.

Abin da ya biyo baya

A gwajin ƙarshen zango, galibin waɗanda suka hau sun iya nuna gangare da kwari da mabiyar ruwa a kan taswirar wani yanki da ba su taɓa gani ba, kuma bambancinsu da waɗanda ba su hau ba ya fito fili a wannan ɓangare. A lissafin ma'auni da auna nisa kuwa babu wani canji, masu rauni a nan sun ci gaba da rauninsu. Kafin tsakiyar Yuli ciyawa ta rufe bakin tsagar, aka dakatar da hawa. Ƙungiyar iyaye da malamai ta amince a maimaita a shekara mai zuwa bisa sharuɗɗan nan, aka kuma yanke wa Sarkin Baka da yaron makiyayin ɗan abin goro daga asusunta.

Hukunci

A ganina tunanin malamin daidai ne tun farko, kuma sakamakon ya nuna hakan, amma kuskurensa biyu ne suka jawo asarar wata takwas da raunin yaro. Na farko, ya ɗauka cewa tunda dutsen ba shi da turba to babu wanda ya san shi, sai ya zaɓi hanya da idonsa daga tagar aji, alhali fuskar da ta fi kusa ita ce mafi haɗari. Ilimin hanyar yana nan a garin, wajen maharbi da makiyayi, mutanen da makaranta ba ta saba tambaya ba, kuma ƙofar isa gare su ita ce dagacin da aka tsallake. Fitar Janairu ita ce mafi muni, ba don hazo ba, sai don an ɗauki 'ya'yan mutane zuwa wuri mai haɗari ba da sanin iyayensu ba, kuma ba a gwada saukowa ba kafin a kawo su. Sa'a ce ta sa abin ya tsaya a targaɗe.

Na biyu, ya riƙa warware cikas ɗaya-ɗaya, maimakon ya dube su tare. Oktoba tana da sarari mai kyau amma ga ciyawa da santsi da amfanin gona, Janairu ta kawar da waɗannan ta kawo hazo, Afrilu kuma zafi. Wanda ke hawa don ya gani, ba don a ce ya hau ba, dole ya nemi lokacin da ƙasa da sama suka dace tare, kuma a wannan yanki lokacin bai wuce mako biyu zuwa uku ba a farkon damina. Sa sharaɗi maimakon sa rana shi ne ya ba da damar cin moriyarsa.

Akwai abin da bai warware ba. Lokacin ya faɗo ne daidai da jarrabawar WAEC, don haka 'yan aji uku ba za su taɓa amfana ba sai an kai su tun suna aji ɗaya ko biyu. Tsarin ya rataya ne a kan dattijo guda wanda ƙarfinsa ke raguwa, kuma har yanzu ba a samu wani babba da ya laƙanci hanyar kamarsa ba. Yawan 'yan matan da aka bari suka hau bai kai rabinsu ba, alhali takarda ɗaya za su zauna da mazan, kuma malamar da ta raka su ta nemi a ba ta dama ta zagaya gidajen da kanta ta yi magana da iyaye mata kafin daminar baɗi.